Bazarar da Muka Taka wa Malam Numfashi

Zafi ya shigo Garwa tun makon jiya. Da hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ruwan randa kamar an sauke shi daga murhu, kogin Binuwai kuwa ya ja baya har akwai inda mutane ke tsallaka shi da ƙafa, wando a naɗe. Jiya bayan azahar ina kwance a tabarma aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ganina na yi a ƙofar ɗakin da muke ajiye buhunan masara, hannuna riƙe da labule. Shekara shida ke nan babu mai kwana a ɗakin. Na ɗan tsaya, sannan na koma na kwanta.

A waccan shekarar, azumi a tsakiyar bazara ya faɗo.

Maigidana, Malam Inuwa, kwanuka yake sayarwa a babbar kasuwa, a rumfar da kakansa ya kafa lokacin da ya biyo fatake daga Kano. Mutum ne mai magana. Hausa da mu a gida, Fillanci da masu saye, Faransanci da ma'aikatan gwamnati, kuma a kowanne harshe sai ya sa mutum dariya kafin a rabu. Da muryarsa ta fara dishewa muka ce mura ce. Na dafa citta da kanumfari, na ba shi zuma. Wata huɗu muna haka. Da abinci ya fara tsaya masa a wuya aka tura mu Ngaundere, daga can muka shiga jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Likitoci suka ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Aka yi masa aiki. Ya dawo da ƙofa a gindin wuyansa, da bututu a ciki, ta nan yake numfashi. Murya kuwa ta tafi ke nan.

Kafin a sallame mu gida mun yi mako biyu a asibitin Garwa. A can na san Madam Marta, ma'aikaciyar jinya, Kirista daga duwatsun wajen Mokolo. A kasuwa ta koyi Hausa tana yarinya, wajen raka uwarta sayar da waken suya, kuma maganarta ba ta da kwana.

"Hajiya Zulai, matso ki gani," ta ce da ni. "Ke da ni idan majina ta taru sai mu yi kaki mu tofar. Shi yanzu ba shi da ƙarfin turo ta. Idan ta toshe bututun nan, hanya ta rufe. Babu ta biyu."

Ta nuna mini yadda ake zura siririyar roba a cikin bututun, a toshe 'yar ƙofar robar da babban yatsa, injin ya zuƙo majinar ya zuba a kwalba. Ta ce kada in wuce ƙirga goma, don muddin ina zuƙa, iskarsa ma nake zuƙewa. Ran farko abin ya yi mini wuya. Daga rana ta uku hannuna ya saba. Ban ji tsoro ba, ban kuma ji tausayi ba. Abin da aka ce in yi shi nake yi.

Ana gobe za a sallame mu ta ce dole mu sami injin namu a gida. Yaya Alhaji Bala, wan Malam, mai motocin ɗaukar shanu zuwa Meiganga, ya ce shi zai saya. Ya ɗauke ni a motarsa zuwa wani shagon kayan asibiti. Marta tana bakin aiki, ba ta biyo mu ba.

Mai shagon ya fito mana da guda uku. Na farko babba ne, fari, mai ƙafafun taya da kwalabe biyu, irin wanda muka gani a asibiti, amma sai an jona shi da wuta. Na biyu ƙarami, mai maratayi kamar jakar hannu, yana da batir a ciki. Na uku ya jawo shi ne daga ƙarƙashin kanta, ya kaɗe masa ƙura da tsumma. Ba shi da waya ko ɗaya. Ƙarfe ne da abin takawa, da kwalba ɗaya a gefe.

Yaya Alhaji ya nuna shi da sandarsa. "Wannan fa?"

"Da ƙafa ake taka shi, Alhaji. Asibitocin ƙauye ke saye."

"Mayar da shi inda ka ɗauko. Ƙanena ba ƙarfe ba ne da za a riƙa yi masa zuga kamar a maƙera." Ya dafa babban. "Wanda likita ke aiki da shi, shi za mu ɗauka."

Mai shagon ya ce, a hankali, "Wutar fa, Alhaji? Ka san halin bazara."

"Ina da janareta a gida. Yau za a kai musu." Ya juyo gare ni. "Zulai, ko kina da magana?"

Na kalli injinan uku. Tun safe ban ci komai ba, zufa na bin bayana, kuma abin da kawai ke raina shi ne ko an juya Malam a gado. Na ce ba ni da magana. Aka sa babban a bayan mota.

Kwana biyar da komawarmu gida aka ga wata.

Ga yadda yinin yake tafiya. Bayan sallar asuba in ɗora ruwa, in tafasa robobi, in shanya su a kan farin ƙyalle cikin faranti. In dafa wani ruwan da ɗan gishiri yadda Marta ta auna mini, in bar shi ya huce. In ciro ƙaramin bututun da ke cikin babban in wanke, in goge gefen ƙofar wuyan, in sauya zaren da ke riƙe da shi. Sai in ɗiga ruwan gishirin kaɗan, in jira ya yi tari, in zuƙe. Daga nan Goggo Ladi, yayarsa da ta tare wurinmu tun rasuwar mijinta, ta kawo kunu mai ruwa-ruwa ta ba shi da cokali. Shi ba ya azumi. Da farko ya ƙi ci, sai da limamin unguwa ya zo ya zauna kusa da shi ya yi masa magana.

Zafin ne babban abokin gabarmu. Iskar da ke shiga wuyansa ba ta bi ta hanci ba, a bushe take shiga, sai majinar ta kafe ta yi tauri kamar ƙaro. Muka riƙa jiƙa ɗan ƙyalle muna rufe ƙofar wuyan. Kafin a idar da salla ɗaya ya bushe. Muka rataya jiƙaƙƙun zannuwa a taga da ƙofa, muka yayyafa ruwa a daɓe. Famfo kuwa sai ya yini bai kawo ba, sai mun tari masu tura ruwa a jarkoki. Ruwan da na wanke masa jiki da shi, shi nake yayyafawa a ƙasa. Leɓena ya tsage, harshena kamar ɓawon gyaɗa, ga hannuna cikin ruwa tun safe har yamma.

Tunda ba ya iya kira, na ɗauko masa tasa ɗaya cikin kayan rumfarsa da cokali. Bugu ɗaya, ruwa. Bugu biyu, a juya shi. Idan ya buga babu tsayawa, majina ce.

Wuta tana zuwa tana tafiya. Aka ce ruwan madatsar Lagdo, inda ake samar da wutar, shi ne ya yi ƙasa, shi ya sa ake raba ta unguwa-unguwa. Idan an ɗauke sai in fita tsakar gida in ja igiyar janareta. Man kwalba muke zuba masa, na bakin titi. Wani lokaci ja biyu ya tashi, wani lokaci sai na yi shida.

Ranar tara ga azumi, tsakanin azahar da la'asar, ina tsinke zogale a inuwar zaure na ji tasa. Bugun ba ya tsayawa. Na shiga na ɗauki roba na danna injin. Shiru. Ban ma lura an ɗauke wuta ba. Na fita da gudu na ja igiya. Na ja, na ja. Janareta ya yi tari ya mutu. Na sake ja har igiyar ta yanke ni a yatsa. Goggo Ladi tana ƙofar ɗaki tana kiran sunana. Sai na ji tasar ta yi shiru.

Da na koma ciki cokalin yana ƙasa. Idanunsa a waje, leɓensa ya koma launin toka, ƙirjinsa na ɗagawa amma babu abin da ke shiga. Na ciro bututun ciki, bai isa ba, toshiyar tana can ƙasa. Na ɗiga ruwan gishiri. Na zura robar, na cire bakinta daga jikin injin, na sa a bakina na zuƙa. Babu abin da ya motsa. Na sake zuƙa da duk ƙarfina. Abu ya taho mai ɗumi, mai gishiri da ƙarnin jini, ya cika mini baki har ya wuce maƙoshi. Na tofar a daɓe na sake. A karo na uku na ji iska ta shige shi da ƙara kamar an yage zane.

Na zauna a ƙasa na jingina da gado. Goggo Ladi tana kuka tana salati. Ni kuwa ina kallon abin da na tofar, har ƙudaje sun fara sauka. Na tashi na ɗebo toka na rufe, na share. Na kuskure baki. Ban tambayi kowa hukuncin azumina na ranar ba. Na ci gaba da kame baki har magariba, bayan ƙaramar salla na rama shi.

Da yamma Marta ta biyo ta gidan a kan babur, kamar yadda take yi duk bayan kwana biyu. Goggo Ladi ta ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, ta duba wuyan Malam, sannan ta ja ni waje.

"Kin cece shi," ta ce. "Amma kada ki ƙara. Abin da ke ƙirjinsa zai shiga naki, na bakinki ya shiga nasa. Gobe ina hutu. Mu je mu nemo abin da ba ya jiran kowa."

Washegari da hantsi muka koma shagon nan. Wannan karon na riƙo ragowar kunun tsamiya na buɗa-baki a cikin kwalba, ya kwana ya yi kauri. Mai shagon ya kawo kofin ruwa don ya gwada mana mai batir. Na ture kofin na ajiye kwalbata.

"Abin da ke wuyansa ba ruwa ba ne," na ce.

Ya kalli Marta. Ta ce, "Yi yadda ta ce."

Mai batir ya zuƙe kunun sarai, ba laifi. Na tambayi mai shagon tsawon lokacin da injin yake yi idan babu wuta. Ya ce ba ya kai awa ɗaya idan ana aiki da shi a jere. Na ce a jiya tun azahar aka ɗauke mana, ba a kawo ba sai bayan isha'i, da me za a cika shi? Marta ta tambaye shi idan batirin ya mutu fa, don zafi yana kashe su. Ya ce sai an aiko daga Duwala.

"Ɗauko na ƙarƙashin kanta," na ce.

Na cire takalmi na ɗora ƙafa. Yana da nauyi, sai ka danna da gaske. Taku na uku kunun ya taso a cikin robar, a hankali, ya faɗa kwalba. Marta ta sa na buɗe kwalbar na rufe da kaina don mu ga ko zan iya wanke ta. Ta gwada robobin da muke da su a gida, bakinsu ya shiga daidai. Ta tambaya ko ana samun robar murfin a Garwa idan ta tsage, ya ce mai facin taya ma zai iya yanka wata. Na cire awarwarona biyu na ajiye a kan kanta. Muka ɗaure injin a bayan babur ɗin Marta.

Da Yaya Alhaji ya zo bayan la'asar ya gan shi a gindin gado, bai zauna ba.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ce, Yaya."

"Na gaza ke nan? Mutane su shigo dubiya su ce Bala ya bar ƙanensa a hannun abin ƙauye? An gyara janareta tun safe."

Malam ya ɗaga cokali ya buga tasa don mu juyo, ya nuna injin ƙafar, ya nuna ƙirjinsa. Yaya Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya fita bai yi sallama ba, kuma ya fi kwana goma bai dawo ba.

Ba mu jefar da babban ba. Idan da wuta, shi muke kunnawa. Amma a bazarar nan yawancin rana babu ita, don haka na ƙafar ne ya ɗauki aikin. Mutum ɗaya zai iya takawa yana riƙe da roba, sai dai hannu yana girgiza, shi ya sa muka raba. Goggo Ladi ta taka, ni in zura. Tana takawa tana ƙirga mini goma da ƙarfi. Idan na ce tsaya ta tsaya, ya huta, mu sake. A yini sai mu yi haka sau goma sha wani abu. Ƙarfen yana wani kuka, ƙiiƙ-ƙiiƙ, muka ɗiga masa man keken ɗinki bai daina ba. Matan maƙwabta da ke kawo mana kindirmo da ƙosai lokacin buɗa-baki su ma suka koya. Duk wadda ta shigo ta tarar ana yi sai ta ajiye kwano, ta ce da Goggo, "Ɗaga, in karɓe ki."

Yanzu idan na hau soro shanya ina ganin farantan sola a kan rufin gidaje da yawa. Na ji an ce masu batir na yanzu suna daɗewa. Azumi ma ya ja baya ya koma wajen sanyi, jikokina suna yin sa suna wasa. Mangwaro dai har yanzu a lokacin nan yake nuna, kuma ni ban ƙara shan kunun tsamiya ba.

Goma na ƙarshe gwiwar Goggo Ladi ta kumbura. Ranar da Yaya Alhaji ya dawo ya same ni ina takawa da ƙafar dama, ina riƙe da roba, gumi na shiga mini ido. Ya tsaya a bakin ƙofa. Sai na ga ya tuɓe babbar riga ya rataya a ƙusa, ya cire takalmi.

"Matsa," ya ce.

Ya danna da ƙarfi har kwalbar ta yi tsalle.

"A hankali, Yaya. Kamar kana tafiya masallaci."

Daga ranar kullum bayan la'asar sai ya zo. Ba ya magana da ni sai gaisuwa. Yakan zauna a kujera kusa da gado ya ba ƙanensa labarin hanya, wace mota ta lalace a ina, yadda shanu suka rame bana. Malam ya saurara da ido. Idan tasa ta yi ƙara sai Yaya ya miƙe ya cire takalmi.

Salla ta zo ta wuce. Na dafa abinci don yara, ban sa sabon zane ba. Malam ya fara ƙin kunu. Wani kumburi ya fito a gefen wuyansa, mai tauri. Marta ta taɓa shi ta ce za ta yi magana da likita, ta dawo da maganin rage zafi kawai. Ban tambaye ta ba, ba ta faɗa ba. Cokalin ya yi masa nauyi, sai na koyi jin majinar da kunnena tun daga madafa.

Hadari ya yi ta haɗuwa ta gabas yana watsewa. Kullum da yamma iska ta taso da ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari, ta kaɗa zannuwan taga, ta wuce. Mutane suka fita roƙon ruwa sau biyu.

Wata ranar Laraba bayan la'asar sama ta yi baƙi ƙirin. Aka ɗauke wuta kamar yadda ake yi duk lokacin da iska ta taso. Ina kwashe shanya na ji numfashinsa ya sauya, yana ja yana tsayawa. Na shiga na wanke hannu. Yaya Alhaji ya riga ya cire takalmi. Na ɗiga ruwan gishiri, na zura roba, ya fara takawa. Na ƙirga goma na ciro. Babu komai a ciki. Na jira, na sake zurawa. Hanyar a buɗe take, robar ta shiga har inda take tsayawa ba tare da ta taɓa komai ba. A lokacin ruwa ya sauko a kan kwano, da ƙarfi, har ba ka jin maganar na kusa da kai.

Na ɗora tafin hannuna a ƙofar wuyan, inda iska ke fitowa. Na daɗe a haka. Sannan na ciro robar na ajiye a faranti. Na shafa masa ido, na gyara masa kai ya fuskanci gabas, na ja zane. Goggo Ladi ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

Yaya Alhaji bai tsaya ba. Ya dafa bango da hannu ɗaya, kansa a sunkuye, ƙafarsa na hawa tana sauka. Bakin robar yana kan faranti yana zuƙar iskar ɗaki.

"Yaya," na ce.

Bai ji ba, ko don ruwan ne. Na zagaya gadon na tsuguna, na riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Yaya, ya isa."

Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli gadon. Ya sauke ƙafarsa a daɓe. Ya duba hagu da dama yana neman takalminsa, alhali suna gabansa. Na tura masa su.